Bango Ɗaya Ne Tsakaninsu

Shekara goma sha ɗaya mahaifiyata ta yi tana zaune bango ɗaya da wata mata a gidan haya a Fagge, kuma in za a tara kwanakin da suka yi ba sa ga-maciji da juna, za su kai shekara guda cur. Inna mace ce mai sanyin hali, ba ta son hayaniya, ba ta son a taɓa mata kaya. Da ta idar da sallar isha'i sai ta saki labule, ta jawo fitila ta kama ɗinkin hula. Duk wanda ya ji muryarta a tsakar gida, to lalle wani abu ya faru. Maƙwabciyar tata kuwa, wadda muke kira Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba, mutuniyar Damagaram ce, mai koko da ƙosai. Tun kafin kiran assalatu take tashi, ta kunna rediyo, ta hau buga ƙullu, tana yi tana magana, in ba mutum kusa ta yi da kajinta. Dariyarta har bakin titi ake ji.

Ba abin da ba su yi faɗa a kansa ba. Igiyar shanya, ranar wankin banɗaki, rabon kuɗin wuta, ruwan wanke-wanke da ke kwanciya a kwata, hayaƙin murhu da ke shiga ɗakin Inna ya kama hulunan mutane. Kajin nan kuwa su ne uwar fitina. Inna za ta shanya gero ko kuɓewa a tabarma, ta juya baya, ta dawo ta tarar sun yi fata-fata da shi. Makamin Gwaggo habaici ne cikin waƙa, tana daka tana jefawa. Makamin Inna shiru. In gabar ta kai kwana uku, sai Gwaggo ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya ta ce, "Kwana uku dai ya cika, ni na yi sallama, wadda ba ta amsa ba ita ta sani da Ubangijinta." Daga bayan labule sai a ji Inna ta amsa can ƙasa-ƙasa. Amma ko a tsakiyar gabar kwano bai taɓa daina tsallakawa ba. Inna za ta zuba tuwo ta rufe, ta miƙo mini ta ce, "Ungo, kai wa matar can." Gwaggo ta buɗe ta ɗanɗana ta ce, "Ki ce wa uwarki gishiri ya yi kaɗan," sannan ta wanke kwanon ta cika shi da ƙosai mai zafi.

Ranar da aka zo da labarin rasuwar Baba, Gwaggo na kan tuya. Kaskon ta bari a kan wuta, har man ya ƙone ba ta waiwaye shi ba. Dangi suka zo, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, kowa ya ɗaure kayansa ya koma inda ya fito, don kowa da nauyin da ke kansa. Daren da gidan ya yi tsit, Gwaggo ta naɗo tabarmarta ta shigo ɗakinmu ba ta nemi izinin kowa ba, kuma a nan ta kwana har aka yi arba'in. Wata huɗu da kwana goma na takaba ba a ji rediyonta ba. Kullum kafin mu tafi makaranta kokonmu na kan dakali, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Da mai gidan ya aiko neman kuɗin haya tun takabar ba ta yi nisa ba, Gwaggo ce ta tare ɗan aiken a zaure, kuma abin da ta faɗa masa ya isa ya sa aka ɗaga mana ƙafa har bayan fita takaba. Mako biyu da fitar Inna suka sake yin faɗa a kan kaji.

Na fara karatun littattafan soyayya ina aji biyu a sakandare, lokacin da ake ba da hayarsu a shagon bakin layi, a karanta na ɗaya a kwana guda a mayar a karɓo na biyu. Yanzu a waya nake karantawa kamar kowa. Duk tsawon shekarun nan ina neman Inna da Gwaggo a cikin littattafan, ban same su ba. Wannan shi ne ƙorafina, kuma ina ganin ya wuce zancen nishaɗi.

Ba na cikin masu raina waɗannan littattafai. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ɗimbin waɗanda suka biyo sahunsu, a nan ne matan Hausawa suka sami bakin magana a kan auren dole da auren wuri da sakin wulaƙanci da cire yarinya daga makaranta. Mata da yawa da karatun boko ya tsaya musu a firamare, waɗannan littattafan ne suka riƙe musu karatun bai gudu ba. An sha yi musu baƙin fenti. Sunan Adabin Kasuwar Kano ma da sigar raini ya fara, kuma an daɗe ana fafatawa a jaridu a ƙarshen shekarun 1990, musamman tsakanin malaman jami'a biyu, Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu, a kan ko adabi ne ko shirme. A 2007 har ƙona su aka yi a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Duk lokacin da aka taso wa marubutan nan, ni ina bayansu. Don haka maganar tawa ta 'yar gida ce.

A ɗauko littafi goma cikin waɗanda ake yayi a duba yadda mata suke da junansu. Akwai kishiya, ita kam ba a magana. Akwai uwar miji da ƙannen miji. Akwai ƙawa, wadda tun daga shafin da aka gabatar da ita mai karatu ya san a ƙarshe ita za ta aure mijin. Sai maƙwabciya, wadda ayyukanta ba su wuce uku ba: ta kawo gulma, ta zuga amarya ta raina mijinta, ko ta ce, "Tashi in kai ki wurin wani malami, aikinsa kamar yankan wuƙa." In an yi sa'a aka sami maƙwabciyar kirki, to tsohuwa ce mai carbi, ta fito shafi biyu ta yi nasiha a kan haƙuri ta ɓace. Ba ta da hali nata, ba ta da fushi, ba ta da abin da take so ko take tsoro. Duk macen da ke cikin labarin, da mijin ake auna ta: ko tana son ƙwace shi, ko tana son raba shi da jarumar, ko tana taya ta riƙe shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne marubutanmu gwanaye ne a kan labarin mutum biyu masu hali daban. Da shi suke cin abinci. Miskilin saurayi mai kuɗi wanda ba ya dariya, da yarinya 'yar talakawa mai tsiwa wadda ba ta barin ko-ta-kwana. Su haɗu a yi karo, ya tsane ta, ta tsane shi, ƙaddara ta yi ta haɗa su a wuri ɗaya har kowa ya fara ganin abin da ke ƙarƙashin halin ɗan'uwansa. Mun karanta wannan sau ɗari kuma gobe ma za mu karanta, domin akwai gaskiya a cikinsa: mutum ba ya sanin kansa sai ya gogu da wanda ba irinsa ba. To ai wannan shi ne labarin Inna da Gwaggo, har ma ya fi ƙarfi, don ba sai an ƙirƙiro musu dalilin haɗuwa ba. Ba sai mota ta fallatsa wa wata ruwan kwata ba, ba sai iyaye sun haɗa auren zumunci ba. Talauci da kuɗin haya sun riga sun zaunar da su wuri guda, ba mai iya tashi, kuma bangon bai hana a ji tarin juna da dare ba. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. A gidan haya ba wanda ya ce wa wani zo, tarar da juna kawai ake yi.

Dalili na farko da ya sa ba a rubuta shi, kasuwa ce. Tun da rubutu ya koma waya, marubuciya kan saki shafuka na kyauta a zaurukan WhatsApp ko a Wattpad, in labari ya ɗau zafi ta ce daga nan sai wadda ta biya. Dole kowane shafi ya ƙare da abin da zai hana mai karatu barci, kuma ba abin da ke yin wannan aikin da arha kamar kishi. Ban ga laifin mai neman halalinta ba. Yawancinsu matan aure ne da ɗalibai, suna rubutu da babban yatsa tsakanin girki da raino, da datar da suka saya da kuɗinsu.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma ba a cika son faɗarsa a fili ba. Tsoro ne. A kasuwar littattafan Turanci akwai wani reshe guda na labaran soyayya da ake ginawa a kan mata biyu, sau da yawa maƙwabta masu hali daban, waɗanda ke farawa da faɗa su ƙare a matsayin masoya irin na miji da mata. Duk mai waya a hannu yana iya cin karo da su. A nan kuwa kowa ya san matsayin abin: malamai sun yi magana, dokokin shari'a na jihohin Arewa sun yi magana, ga kuma dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014. Wasu marubutan Hausa sun shigo da zancen maɗigo cikin labaransu, waɗansu da niyyar gargaɗi, waɗansu kuma don batsa tana jawo masu biya. Kusan kullum hoton iri ɗaya ne: makarantar kwana, ko wata hajiya mai kuɗi da ke jan yarinya a jiki da kyauta. Aka yi ta maimaitawa har idon mai karatu ya lalace. Yau in marubuciya ta sa mace ta rungume ƙawarta tana kuka, ko ta kwana a ɗakinta, ko ta ce mata "ina ƙaunarki," kafin gari ya waye sharhi ya cika zaure: "Anya kuwa? Allah ya sa dai ba abin nan ba ne." Marubuciyar da ke da miji da dangin miji da suna da za ta kare, ga kuma Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da aka kafa a Kano tun 2001 tana sa ido, me zai kai ta? Gara ta mayar da matan biyu abokan gaba ta huta. Ba wanda ya taɓa zargin marubuciya don ta rubuta mata biyu suna yi wa juna asiri.

Ina so a tsaya a dubi wannan da kyau. Mun kai matsayin da ƙiyayya tsakanin mata ita ce abin da ba a tuhuma, ƙauna kuwa sai ta kawo shaida. Kuma abin bai tsaya a littafi ba. Na san zawarawa biyu da suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki ɗaya don kowacce ita kaɗai ba za ta iya ba, suna sana'ar ɗinki suna ciyar da 'ya'yansu. Magana ta fara yawo a unguwa, ba wanda ya ga komai, ba wanda ya ji komai, sai dai "an ce." Masu kawo ɗinki suka janye. A ƙarshe suka rabu, ɗaya ta koma gidan yayanta inda ba a maraba da ita. Da a yau Baba ya rasu, Gwaggo ta naɗo tabarma ta yi kwana arba'in a ɗakin Inna, ban da tabbacin bakin mutane zai bar su. Wannan tunanin yana sa ni baƙin ciki ƙwarai. Addinin da ake cewa ana karewa shi ne ya ce a nisanci yawan zato, ya hana bin diddigin asirin mutane, a aya ta 12 ta Suratul Hujurati, kuma ya tsananta wa mai jifan mace da abin da ba shi da shaida a kai. Ba a ba wa 'yan unguwa ko 'yan zaure aikin binciken ɗakunan mata ba. Irin wannan ƙazafin yana kashe aure, yana kashe sana'a, wani lokaci yana jawo wa mutum duka, kuma kusan kullum a kan marar gata yake sauka: bazawara, ɗaliba, baƙuwa.

Ƙaunar mace ga mace 'yar'uwarta ba baƙon abu ba ne da za mu koyo daga wani wuri, kuma kakanninmu ba su ji kunyarta ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da aminiyarta A'isha matar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta rasu, marsiyya ta yi mata, ta zubar da baƙin cikinta a takarda ba ɓoye-ɓoye, ta yabi halinta, ta nuna girman ramin da rashinta ya bari. Malamar da ta kafa tsarin 'yan taru, ta tura malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka suna karantar da mata, ba ta ga wani abin zargi ba a cikin bayyana cewa ta so wata mace so mai tsanani. Haka in aka karanta tarihin Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, za a ga yadda ƙawance yake da tsari a wancan zamani. Ƙulla shi ake yi da kyauta, jama'a su san wance ƙawar wance ce, yana da haƙƙoƙi, a biki da suna ana ramawa har da ƙari. Mace kan yi aure uku ko huɗu a rayuwarta, ƙawarta kuwa tana nan ita ce dai. Har yau muna da ragowar wannan: babbar ƙawar amarya, biki da ake yi wa juna, adashi da ba takarda ba shaida sai amana. Harshenmu ma bai taƙaita so da ƙauna ga saurayi da budurwa ba. Mu ne muka matse kalmomin har suka zama ba sa ɗaukar kowa sai su biyun nan.

Ga kuma maƙwabtaka ita kanta. Aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta jera maƙwabci na kusa da na nesa cikin waɗanda za a kyautata wa, tare da iyaye da marayu. Yaran Islamiyya sun haddace hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi masa wasiyya da maƙwabci har ya yi zaton za a sa shi cikin magada. Marubutan da ke cewa faɗakarwa suke yi, ga fili nan fetal. Sai dai kada a mayar da shi wa'azi. Inna da Gwaggo ba su zama abin koyi don sun daina faɗa ba, ai ba su daina ba. Hali zanen dutse ne, ba wadda ta sauya. Inna ba ta koyi surutu ba, Gwaggo ba ta koyi yin shiru ba. Abin da ya faru shi ne kowacce ta gano inda halin ɗayar yake da rana. Bakin nan na Gwaggo da ya hana Inna barci shekara da shekaru, shi ne ya tsaya mata a zaure ranar da ba ta da bakin magana. Shirun nan na Inna da Gwaggo ke kira girman kai, shi ne ya sa lokacin da 'yar Gwaggo ta gudo daga gidan miji da tabon duka a jikinta, ɗakin Inna aka ɓoye ta kwana biyar, kuma ko mu yaran gidan sai da muka girma muka san dalili.

Za a ce mini ai gaskiya marubutan ke faɗa, mace ita ce babbar maƙiyar mace. Na ji wannan maganar har na gaji, kuma mata ne suka fi faɗarta. Ban musa akwai mugayen maƙwabta ba, na zauna da wasu. Akwai masu gulma, akwai masu hassada, akwai wadda za ta ci tuwonki ta fita da sirrinki. Amma a tambayi kowace mace: ranar da naƙuda ta kama ki da tsakar dare maigida ba ya nan, wa kika buga wa bango? Wa ya riƙe miki yara kika je asibiti? Wa ya ara miki zani da mayafi ranar da za ki fita kunya? Wa ya dafa miki ruwan wankan jego da uwarki ba ta iso ba? In mace ta mutu, su wa ke shiga ɗaki su yi mata wanka su suturta ta? Adabin da ya ga gulmar bai ga wannan ba, rabin gaskiya ya faɗa, kuma rabin da ya faɗa shi ne mai cutarwa in aka yi ta nanata shi.

Domin labari yana koyarwa ko marubuci bai yi niyya ba. Yarinyar da ta shekara biyar tana karanta cewa ƙawa macuciya ce, maƙwabciya kuma 'yar aiken boka, ita ce za a kai ɗakin miji a sabuwar unguwa a bayan gari, gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, inda ba ta san kowa ba. Dama ana yi mata huɗuba daren kai amarya: ban da shige-shige, ban da ƙawaye. Wani mijin ma doka yake kafawa, ko gaisuwa kada ta haɗa ta da matan layi. Sai ta rufe ƙofa ta zauna da waya. In zama ya yi daɗi, shi ke nan. In kuwa ana dukanta, ko jini ya ɓalle mata, ko ta haihu damuwa ta rufe ta har ta kasa shayar da jariri, ba mai jin motsinta. Iyayenmu sun sha wuya iri-iri a gidajen haya da gidajen gandu, amma da wuya a ce mace ta kwana biyu ba ta fito tsakar gida ba a rasa wadda za ta ɗaga labule ta leƙa. Ba na cewa littattafai ne suka gina katangun nan. Ina cewa suna taya su tsawo, alhali suna iya huda musu taga.

Sai tambayar kuɗi: wa zai saya? Ba na ce a kori maza daga labari ba. A bar miji, a bar saurayi, a yi biki in ana so. Abin da nake roƙo shi ne a sami littafin da igiyar da ke jan mai karatu ita ce tsakanin matan biyu, ta yadda in sun ɓata zuciyarmu za ta tsinke kamar yadda take tsinkewa in an raba masoya. Kuma ban yarda masu karatu ba za su karɓa ba. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara Hikayata, gasar rubuta gajerun labarai ta mata, a 2016, an ga labarai a kan gudun hijira da maraici da fyaɗe da talauci sun ratsa mutane, ana sauraro a rediyo ana share hawaye, ba tare da wani miskilin attajiri ba. Masu karatun nan matan gidan haya ne da yawansu. Ba a taɓa miƙa musu hoton kansu ba ne balle a ce sun ƙi.

Na san rubuta shi ya fi wuya. Labarin saurayi da budurwa yana da inda yake sauka, ana ɗaura aure an gama. Na maƙwabta ba shi da ranar ɗaurin aure, ba lefe, ba walima. Dole marubuciya ta nemo nauyin labarin a cikin ƙananan abubuwa: wa ya fara yin sallama bayan faɗa, me aka zuba a kwano, wa ya kwashe wa wani shanya da hadari ya taso alhali ba sa magana. Dole ta san yadda ake faɗin ƙauna ba a ambaci sunanta ba, domin matan nan ba sa cewa "ina son ki." Cewa suke yi, "Kin ci abinci kuwa?" ko "Wannan tarin naki ya isa, gobe za mu asibiti." Kuma dole ta yi taurin rai ta bar masu sharhin zato su yi ta yi. Mu masu karatu ma da namu aikin: in muka ga irin wannan sharhin a zaure, mu daina wucewa shiru.

Ƙarshen zaman Inna da Gwaggo ya zo ne da ƙafafun Gwaggo suka fara kumbura, tsayuwar tuya ta gagara, ɗanta ya zo daga Damagaram ya ce sai ta koma gida. Ranar tafiya tun safe take rabon kaya tana surutu, wannan ta ba ta turmi, waccan ta ba ta rariya. Inna tana ɗaki ba ta fito ba. Da aka gama ɗaure kaya a mota, Gwaggo ta kamo wata kaza wake-wake, ta zo bakin labulenmu ta ce, "To, sarauniyar 'yan shiru, na tafi. Ga wannan, ta riƙa ci miki gero kada ki manta da ni." Inna ta fito ta karɓi kazar ta rungume a ƙirji. Ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ta bi motar da ƙafa har bakin titi, ba mayafi a kanta, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

Shekara uku bayan nan aka bugo waya aka ce Gwaggo ta rasu. Inna ta yi salati, ta yi mata addu'a, ta tashi ta ɗebo gero a kwano ta fita tsakar gida. Lokacin kajin sun kai goma sha wani abu, duk zuriyar wake-waken nan. Ta tsuguna tana watsa musu, kuma daga inda nake tsaye ina jin tana yi musu magana.